'Yar clamp mitar nan UT210E, wata uku ina aiki da ita

Masu aikin sola da kuke ta tambayata kan mitar nan ta kamfanin UNI-T, wadda ake maƙala wa waya don auna yawan wutar da ke bi ta cikinta, to ga abin da na gani. A Sabon Gari na saye ta nan Kano, bayan wata tsohuwa da nake da ita ta kunyata ni gaban kwastoma, na maƙala ta a wayar batir, inbata na aiki fanka na juyawa ita kuwa sifili take nuna min, Alhajin yana tsaye yana kallona. Ashe AC kaɗai take karantawa, wato irin wutar NEPA. Laifina ne wallahi, ban duba kwali ba na biya kuɗi.

Sai da ƙanina da ke karanta fiziks ya zaunar da ni na gane inda gizo ke saƙa. Ai mitar ba ta taɓa tagullar waya ko kaɗan, maganaɗisu take aunawa. Duk sanda ilektron suka motsa cikin waya sai maganaɗisu ya zagaye wayar, yawan wuta yawan ƙarfinsa, wai wani mutumin Denmak mai suna Oersted ne ya lura da haka a 1820 da ya ga allurar kamfas ta karkace kusa da waya mai wuta. Kuma amfiya ɗaya tak, ilektron ɗin da ke wucewa a daƙiƙa guda sun kai 6 da sifili 18 a bayanta, na ce masa kai bari haka nan kaina ya ɗau zafi.

To masu arhar nan kamar taransifoma suke, sai maganaɗisun yana canzawa suke ji, wutar NEPA kuwa sau 50 take kai da komowa a daƙiƙa, shi ya sa suke kama ta. Wutar batir da ta fanel, wadda ake ce wa DC, hanya ɗaya take bi ba ta juyawa. Ita wannan UT210E ɗin akwai wani ɗan sensa a bakinta, Hall ake ce masa, sunan Ba'amurken da ya gano abin a 1879, shi ko maganaɗisu a tsaye yake yana jin sa. Saboda wannan kaɗai na ce kuɗina bai tafi a banza ba, yanzu ina ganin abin da fanel ke turawa batir ba tare da na kwance waya ko ɗaya ba.

Amma in za ka auna DC ka danna ZERO tukuna, kuma kar ka yi ta juya hannu bayan ka danna, musamman a matakin 2A, wato amfiya 2, don har maganaɗisun duniya tana ji, lamba sai ta ɗan yi yawo. Da farko na zata ta lalace. In ta nuna maka alamar ragi a gaban lamba kar ka tsorata, a juye kawai ka maƙala ta. Sannan waya ɗaya ake kamawa, yarona ya haɗa layif da nutural ya kama ya ce oga babu wuta, alhali firji na ta kuka, ɗaya na kai wa ɗaya na dawowa maganaɗisun ya cinye juna.

Batirinta AAA guda 2, tana shiga aljihun kaftani. Bakin ne ƙarami, milimita 17, kuma 100A ce iyakarta. In inbatarka 12V ce mai jan 1500W lissafi ya kai ka 125A, wannan kam sai ka nemi babbar yayarta.