Matajin Heribert a gidan tarihin Schnütgen na Kolon

Mai sha'awar sassaƙar hauren giwa ta cocin Turai na zamanin da, gidan tarihin Schnütgen da ke Kolon a Jamus ya cancanci ziyara. Yana cikin tsohon cocin Cäcilien ne, kusa da dandalin Neumarkt, kuma ba a buɗewa ranar Litinin.

Abin da ya fi ɗaukar ido shi ne matajin hauren giwa da ake jinginawa ga Heribert, babban bishop na Kolon da ya rasu a 1021. Amma matajin ya girme shi: aikin masassaƙan birnin Metz, da ke Faransa a yau, ne na ƙarni na 9. Da irinsa ake taje gashin firist kafin ibada, da na sabon bishop bayan an shafa masa mai. Haƙoransa jeri ɗaya ne a ƙasa. A sama an sassaƙa Yesu a kan gicciye, ga Maryamu da Yohanna, ga sojan da ke riƙe da mashi, ga rana da wata, sai furanni biyu da aka huda har haske na ratsawa.

Matsalar matajin ita ce ƙanƙantarsa. Tsawonsa bai wuce taƙi ɗaya ba, yana bayan gilashi, don haka sai ka matso sosai, ka duba ta gefe, kafin zurfin sassaƙar ya fito. Kada ka ga laifin gilashin. Haure yana shan danshi yana kumbura, ya bushe ya tsuke, daga nan sai tsagewa, kuma siraran haƙoran mataji ne ke fara karyewa.