Likita nan take, ɗaki kuwa sai haƙuri: sharhina kan wata cibiyar LGBTQ a New York

Idan aka ce in ba cibiyar nan maki, sai na raba ta gida biyu. Ɓangaren lafiya zan ba shi kusan cikakken maki ba wata-wata. Ɓangaren gidaje kuwa rabi ma da ƙyar, kodayake ba duka laifin ne nasu ba. Akwai kuma abu na uku da ya fi shafar mu masu jin Hausa, wato maganar tafinta, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na zauna rubuta wannan.

Ƙungiya ce mai zaman kanta wadda ba riba take nema ba. Da tallafin gwamnati da gudummawar jama'a take tafiya, aikinta kuma kula da masu son jinsinsu da masu sauya jinsi, wato waɗanda ake kira LGBTQ, ta fannin magani, shawara da neman matsuguni. Irinta suna da dama a birnin. Akwai The Center da ke titin West 13th tun 1983, akwai asibitin Callen-Lorde, akwai Ali Forney Center da aka kafa a 2002 domin matasa marasa wurin kwana. Tawa ba ta cikin waɗannan, ƙarama ce, kuma sunanta zan bar shi a cikina. Hausawan Bronx, wani yanki na birnin, da 'yan Ghana da 'yan Nijar da mu 'yan Najeriya, masallatanmu ɗaya, shagunan da muke sayen gero da daddawa ɗaya. Magana ba ta kwana.

Wanda ya taso a Najeriya ya san abin da shiga irin wannan gini yake nufi. Dokar da Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi, shekara 10 kuma ga wanda ya kafa ko ya tallafa wa ƙungiya irin wannan. Saboda haka ganin tutar masu son jinsi a ƙofa, da mutane na shiga da fita da kofin shayi a hannu, ko a jikinsu, ya ɗan ɗauke ni lokaci kafin ƙafata ta saba.

Abin da ya fara kwantar mini da hankali takardar rajista ce. Bayan suna da ranar haihuwa, akwai tambayar da ban taɓa gani a asibiti ba: shin babu matsala a kira ka a wannan lambar? A bar maka saƙon murya? A aika wasiƙa zuwa adireshin da ka rubuta? A lokacin a falon wani ɗan garinmu nake kwana, don haka duk na ce a'a, kuma har yau ba su taɓa saɓawa ba. Ba wanda ya nemi ganin biza. Kuɗin ganin likita gwargwadon samun mutum ake yanka shi, kuma da yake ba ni da aiki a lokacin, ban biya ko sisi ba. Wata ma'aikaciya ta zauna da ni ta cike mini takardun inshora, ta kuma yi mini bayanin dokar sirrin marar lafiya ta 1996 da suke kira HIPAA, wadda ta hana su ba ɗan uwa ko mai gidan haya ko wurin aiki labarin lafiyata sai da yardata.

Likitar da aka haɗa ni da ita ta san aikinta. Da ta ji a Afirka ta Yamma aka haife ni, kafin ta yi maganar komai sai ta ce a auna ni ciwon hanta nau'in B, domin ya yi yawa a yankinmu kuma mutum kan ɗauke shi tun yana jariri bai sani ba. Dalilinta shi ne, ƙwayar rigakafin ƙanjamau da ake sha kullum, wato PrEP, wadda Amurka ta amince da ita a 2012, tana ɗauke da sinadarin da ke danne ƙwayar cutar hantar ma. Mai ciwon hanta idan ya fara sha ya daina kwatsam, ciwon na iya tasowa da ƙarfi. An auna, babu, aka yi mini allurar rigakafi. Daga nan kowane wata uku nake komawa a ɗebi jini, lokaci-lokaci kuma a duba ƙoda. Ta gaya mini akwai ta allura da ake yi duk wata biyu tun ƙarshen 2021, na ce ƙwayar ta ishe ni.

Da azumi ya matso, ita ta fara tayar da maganar, ba ni ba. Ta tambaye ni ko ina azumi, na ce ƙwarai. Ta ce to in mayar da shan maganin zuwa sahur ko bayan buɗe baki, in dai tsaya a kan lokaci ɗaya, in kuma sha ruwa sosai da dare. Ba ta yi mini kallon mamaki ba, ba ta tambaye ni yadda nake haɗa wannan da wancan ba. Wannan kaɗai ya sa na riƙe ta.

Wani abu da ya kamata kowa ya sani ko da bai taɓa taka cibiyar ba: idan mutum yana tsoron ya haɗu da ƙwayar cutar, ko ta fyaɗe ko ta wata hanya, akwai maganin gaggawa, PEP, da dole a fara shi cikin awa 72, a sha kwana 28. Su ba sa sa mai irin wannan buƙata jiran layi.

To, tafinta. Turancina na kasuwa ne. Ina ciniki da shi, ina faɗa da shi, amma idan Ba'amurkiya ta saki baki tana lissafa sunayen cututtuka, rabi ne ke shiga. Da suka ce suna da masu fassara ta waya a kyauta har da Hausa, na ji daɗi. Likita ta danna waya ta buɗe murya, ta faɗi sunana cikakke kamar yadda suka saba. Wani mutum ya yi sallama, daga muryarsa dattijo ne. Tambayoyin farko sun tafi daidai. Da aka zo tambayar su waye nake tarayya da su, likita ta yi ta a fili, shi kuma ya yi shiru na ɗan lokaci. Na ji ya ja salati a hankali. Maimakon ya fassara, sai ya ce da ni, "Yaro, kai ɗan wane gari ne? Su waye iyayenka?"

Likita na murmushi tana jiran amsa, a zatonta aikinsa yake yi. Ni kuwa gumi ya riga ya jiƙa mini riga. Na miƙa hannu na kashe wayar da kaina.

A nan zan yi musu adalci. Mutumin ba ma'aikacinsu ba ne, wani kamfani ne suke haya. Da na yi mata bayani da guntun Turancina, fuskarta ta canza, ta kira shugabar sashen, suka ba ni haƙuri, suka kai ƙara kamfanin. Tun daga ranar an rubuta a fayil ɗina cewa ba a faɗin sunana a waya. Amma abin da nake gani shi ne, bai kamata sai an yi ɓarna a gano wannan ba. Mai jin Sifaniyanci a New York yana cikin miliyoyi, tafintansa ba zai san shi ba. Masu fassara Hausa a Amurka kuwa 'yan kaɗan ne, kuma ba abin mamaki ba ne a ce wanda ke kan layi kun taɓa haɗa sahu a sallar Juma'a. Cibiyar da ta san ta tambaye ni ko a aika mini wasiƙa gida, ya kamata ta san wannan ma. Yanzu ni da likita a hankali muke magana, ta rubuta mini kalmar da ta gagare ni a takarda, in duba a waya. Ya fi ɗaukar lokaci, amma ina barci.

Maganar gida ita ce doguwa, kuma ita ce mai gajiyarwa. Cibiyar ba ta da ɗakunan kanta. Abin da take da shi jami'ai ne da ke riƙe fayil ɗinka, su nema maka gurbi, su rubuta wasiƙu, su bi sawu. Da zaman falon nan ya ƙare, ba shiri, sai na faɗa matsugunin gwamnati. New York na da wani tsari tun 1981 da ya wajabta wa birnin ba marar wurin kwana gado, amma a 2023, da baƙi suka yi yawa, aka taƙaita wa sabbin zuwa marasa iyali zama zuwa kwana 30, sannan su sake nema. Babban ɗaki ne cike da maza, da yawansu 'yan yankinmu, kowa na tambayar kowa labarin gida. Ban taɓa yin ƙarya mai yawa irin ta wannan zaman ba.

A nan na ga gibin da ke cikin wuraren kwana da aka tanadar wa irinmu. Ali Forney na karɓar 'yan shekara 16 zuwa 24. Marsha's House da aka buɗe a Bronx a 2017 na karɓar 18 zuwa 30. Stonewall House da ke Brooklyn na dattawa ne, daga 62 zuwa sama. Ni na haura talatin. Akwai kuma hukumar birni mai suna HASA da ke taimaka wa masu ɗauke da ƙanjamau da kuɗin haya, wadda tun 2016 ba sai ciwo ya kwantar da mutum take karɓarsa ba. Tsari ne mai kyau, Allah ya sani, amma sai ka ji mutane a ɗakin jira suna raha mai ɗaci cewa lafiyarsu ce ta hana su ɗaki. Namiji baligi, lafiyayye, wanda takardunsa ba su kammala ba, shi ne na ƙarshe a kowane layi.

Ko ka samu takardar tallafin haya ta birni, CityFHEPS, ba ka tsira ba. Binciken birnin na 2023 ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari kacal na gidajen haya ne babu kowa a ciki. Masu gida kan nemi albashinka na shekara ya ninka kuɗin hayar wata sau 40. Doka ta hana su ƙin mai takardar tallafi tun 2008, amma ba ce maka za su yi sun ƙi ba, waya kawai za su daina ɗagawa. Wannan duk ba aikin cibiyar ba ne.

Abin da yake nasu shi ne yawan canjin ma'aikata. An sauya mini jami'ar da ke riƙe fayil ɗina fiye da sau ɗaya, kowace sabuwa kuma sai na sake kwance mata labarin tun daga Najeriya, abin da mutum ba ya son tunawa ko sau ɗaya. Wata takarda da na sa wa hannu ta ɓace a tsakanin tafiyar wata da zuwan wata. Saƙo kuma sai ka aika ka sake aikawa. Na lura albashinsu ba yawa, fayil kuma ya yi musu yawa, amma mai kwana a matsuguni ba wannan ne a gabansa ba.

Duk da haka, ƙananan abubuwan da suka yi mini a lokacin sun fi ƙarfin raini. Sun ba ni akwatin ajiya mai makulli, wurin wanka, da izinin amfani da adireshinsu wajen karɓar wasiƙa. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, domin wasiƙar hukumar shige da fice idan ta ɓace, shari'arka na iya ɓacewa tare da ita. Su ne kuma suka haɗa ni da lauya na kyauta, wanda ya ankarar da ni cewa neman mafaka cikin shekara ɗaya da shigowa ake yin sa, kuma tun 1994 Amurka ta amince tsangwama saboda son jinsi na iya zama hujja. Ɗakin da nake ciki yanzu ma a allon sanarwarsu na ga tallarsa, gida ne na haɗaka da wasu mutum biyu. Da mai gidan ya nemi kuɗin ajiya na wata biyu, jami'ata ce ta kira shi ta tuna masa cewa dokar jihar ta 2019 wata ɗaya ta yarda. Nan take ya sauko.

Zaman tattaunawa na mako-mako kam bai karɓe ni ba. Mutanen kirki ne, amma da yawansu coci ko iyaye masu addini sun ƙona su, sai hirar ta riƙa komawa sukar addini gaba ɗaya, a kuma ɗauka ni ma na ajiye nawa. Ban ajiye ba. Na daina zuwa, ba wanda ya matsa mini. Mai gadin ƙofa dai, wani baƙar fata dattijo mai yawan barkwanci, da ya gan ni ina neman lungu da la'asar, ofis ya buɗe mini wanda babu kowa, ya ce duk ran da na zo in tambaye shi makulli. Rumbun abincinsu kuma a duba gwangwani da kyau kafin a ɗauka, naman alade ba ya ƙarewa a ciki.

Wanda lafiya ta kai shi, ya je gaba gaɗi, ko yana da takardu ko babu. Wanda gida ya kai shi, ya je da wuri tun kafin a kore shi daga inda yake, ya ɗauki hoton duk takardar da ya sa wa hannu a wayarsa, ya kuma nemi sunan shugaban sashen tun ranar farko. Idan kuma za a kira tafinta, kafin a danna waya ka ce kada a ambaci sunanka ko garinku, kuma ka roƙi likita ta bar wayar a kusa da hannunka.