Adon teburin kaka: kayan gona ko furannin roba?

Tun shigowar kaka ƙawaye ke tambayata da me za su ƙawata tebur idan sun gayyato baƙi cin abincin dare.

Kayan gona sun fi araha a Oktoba da Nuwamba, lokacin girbi. Ƙaramar kabewa a kan faifai, zangarniyar dawa biyu cikin ƙwarya, shi ke nan. Kashegari kabewar ta shiga miyar taushe. Illarsu ƙaiƙayi: bara wata baƙuwata ta yi ta soshe-soshe har muka tashi. Kuma kada a kusanta su da kyandir.

Furannin roba da tsada, amma suna shekaru, sai dai wankin ƙurar hunturu.

Mai gayyata jefi-jefi, kayan gona sun ishe ta. Mai baƙi kowane mako kuwa, na roba sun fi mata sauƙi.