Ƙwaya ko Horar da Mafitsara: Amsa ga 'Yar'uwar da Ta Yi Tambaya Kan Mahaifiyarta

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, kin ce mahaifiyarki, wadda ta haura shekara 60, fitsari yana matsa mata farat ɗaya, wani lokaci kafin ta ɗauki buta ta kai banɗaki ya riga ya zubo, har ta daina zuwa biki da gaisuwar mutuwa, kuma likita ya ba ku zaɓi tsakanin ɗora ta a kan ƙwaya da koya mata atisayen riƙe fitsari, shi ne kike tambayar wanne ya fi. Allah ya ba Hajiya lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri da kika fito da maganar fili, domin a aikina na jinya na ga iyaye mata da yawa da suka shafe shekaru suna ɗaura zane biyu ko uku, suna zaɓar bakin ƙofa a islamiyya, ba su taɓa gaya wa ko 'ya'yan cikinsu ba.

Mafitsara jaka ce ta tsoka, kuma ta babban mutum tana ɗaukar abin da ya kai mililita 400 zuwa 600, wato kwatankwacin ledar fiya wata guda. Ƙoda suna ɗigo mata fitsari dare da rana, ita kuma tana saki tana buɗewa a hankali. Tun kafin ta kai rabi jijiyoyi suke kai labari ƙwaƙwalwa ta cikin laka, ƙwaƙwalwa kuwa ita ce mai cewa a dakata sai an sami wuri. Abin da kika bayyana ya yi kama da larurar da mafitsara take matsewa da kanta ba tare da ta jira izini ba, shi ya sa jin ƙarar ruwa yana zuba a buta, ko isowa ƙofar gida daga unguwa, kan tayar da ita. Akwai kuma wata larura daban, wadda fitsari yake zubowa idan an yi tari ko atishawa ko dariya ko an ɗaga bokitin ruwa, saboda tsokokin ƙasan mara sun yi rauni, galibi bayan haihuwa da yawa. Wannan bambanci shi ne farkon abin da za ki riƙe, domin ƙwayoyin da zan ambata ba sa maganin iri na biyu, atisaye kuwa yana taimakon dukansu, kuma mata da yawa suna da biyun a haɗe.

Ɗaya daga cikin ƙwayoyin da ake rubutawa ita ce oksibutinin, wadda aka fara amfani da ita a Amurka tun 1975, sai 'yan gidansu irin su tolterodin da solifenasin. Aikinsu shi ne tare saƙon da yake sa tsokar mafitsara ta matse. Amfaninsu a fili yake: ba sa bukatar koyo, ana fara ganin sauƙi cikin 'yan makonni, kuma oksibutinin ba ta da tsada sosai. Matsalar ita ce saƙon da suke tarewa ba a mafitsara kaɗai yake aiki ba, shi ne yake sa yawu ya fito, hanji ya motsa, gumi ya tsattsafo. Saboda haka baki yakan bushe, bayan gida ya yi tauri, gani ya dushe, tsofaffi kuma wasu su riƙa ruɗewa ko jin jiri. Na taɓa jinyar wata dattijuwa da ta ajiye kofin silba a gefen sallayarta, tana jan carbi tana kurɓar ruwa saboda harshenta yana mannewa a ganɗa, ruwan da take sha kuma yana komawa ya cika mafitsarar da ake son a kwantar. Da azumi ya zo, da kanta ta ajiye maganin. Ba ita kaɗai ba ce, bincike a ƙasashe daban-daban ya nuna fiye da rabin waɗanda aka ɗora a kan irin waɗannan ƙwayoyi suna barinsu kafin shekara ta zagayo.

Akwai abubuwa biyu da suka fi damuna game da su. Na farko zafin Kano ne. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake haura maki 40, maganin da yake rage gumi ba abin wasa ba ne ga tsohuwar da take kwana a ɗaki ba wuta ba fanka. Na biyu ƙwaƙwalwa: a 2019 masu bincike a Jami'ar Nottingham ta Ingila sun duba bayanan dubban marasa lafiya, suka ga alaƙa tsakanin shan irin wannan magani na tsawon shekaru da ƙaruwar cutar mantuwa ta tsufa. Binciken bai tabbatar da cewa maganin ne yake haddasa cutar ba, amma ya isa ya sa likitoci su riƙa taka-tsantsan da masu shekaru. Akwai sabon magani, mirabegron, da aka amince da shi a Amurka a 2012, wanda yake sassauta mafitsara ta wata hanya daban, bai cika busar da baki ba, sai dai ya fi tsada kuma yana iya ɗaga jini, don haka mai hawan jini sai an riƙa auna ta.

Shi kuwa atisayen kashi biyu ne da ake haɗawa. Kashi na farko ƙarfafa tsokokin ƙasan mara, dabarar da wani likitan mata Ba'amurke, Arnold Kegel, ya wallafa a 1948. Tsokokin su ne waɗanda mutum yake matsewa idan yana riƙe iska a cikin jama'a. Za ta matse su ta ɗago su sama, ta riƙe na 'yan daƙiƙu tana numfashi yadda ta saba, ba tare da ta ɗaure ciki ko cinya ba, sannan ta saki gaba ɗaya. Hukumar da take tsara ƙa'idojin magani a Ingila ta ce a yi aƙalla sau 8 a zama guda, zama 3 a rana, har tsawon wata 3 kafin a yanke hukunci. Ni nakan ce wa iyayenmu su ɗaura shi a kan salla, bayan asuba da azahar da isha, suna zaune a kan sallaya, babu wanda zai san abin da suke yi. Kada ta mai da tsayar da fitsari a tsakiyar yinsa ya zama atisaye, wannan yana iya hana mafitsara juyewa duka.

Kashi na biyu shi ne horar da mafitsarar kanta, kuma a nan ne haƙuri yake shigowa. Idan yanzu duk bayan sa'a ɗaya take zagayawa, sai a fara daga nan: ta riƙa zuwa bisa agogo, ko ta ji ko ba ta ji ba, bayan mako guda a ƙara minti 15, a ci gaba da haka har ta iya kaiwa sa'a uku ko kusa da haka, wato ta riƙe alwalar azahar har la'asar. Idan matsuwar ta taso kafin lokaci, kuskuren da kowa yake yi shi ne rugawa, alhali gudun ne yake girgiza mafitsara ya ƙarasa zubar da shi. Abin da ake koyarwa shi ne ta tsaya cak, ta zauna idan da hali, ta matse tsokokin nan da sauri sau biyar ko shida, ta jira matsuwar ta lafa, domin takan taso ne ta kwanta, sannan ta tafi a natse. Wannan yana bukatar aƙalla mako 6.

An gwada hanyoyin biyu kafaɗa da kafaɗa. A 1998 Kathryn Burgio da abokan aikinta a jihar Alabama ta Amurka sun raba mata 197 masu shekara 55 zuwa sama gida uku na tsawon mako 8. Waɗanda aka koya wa atisaye, zubar fitsarinsu ta ragu da kusan kashi 81 cikin 100, masu shan oksibutinin ta ragu da kusan kashi 69, waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta kuwa kashi 39. A wancan gwaji an yi amfani da na'urar da take nuna wa mace ko tsokar da ta dace take matsewa, amma a 2002 suka sake gwadawa, suka ga koyarwar ma'aikaciyar lafiya ba tare da na'ura ba, har ma da ɗan littafin koyi da kanka, sakamakonsu bai yi nisa da na na'urar ba. Wannan ya faranta mini rai, domin yana nufin rashin kayan aiki ba hujja ba ce a wurinmu.

Saboda haka ra'ayina shi ne a fara da atisaye, kuma shi ne matakin farko a ƙa'idojin likitocin mafitsara. Ba ya cin kuɗi, ba ya busar da baki, ba ya karo da maganin hawan jini ko na siga. Rauninsa shi ne yana bukatar mai lafiyar tunani da za ta riƙe lokaci, da kuma wani a gida da zai riƙa tuna mata cikin ladabi, kuma idan aka bari gaba ɗaya rauni yakan dawo. Idan an yi wata biyu ko uku da gaske sauƙin bai wadatar ba, ko kuma abin ya tsananta har ba ta iya barci, babu laifi a ƙara ƙwaya a kan atisayen, a fara da mafi ƙarancin awo, a koma wurin likita bayan wata guda. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗauki tsohon kwalin wata maƙwabciya a tafi kemis, domin mai wani nau'in hawan jinin ido ko wadda mafitsararta ba ta juyewa duka, wannan magani yana iya yi mata illa. Maza masu kumburin furostet, wato ƙullutun da yake zagaye da hanyar fitsari a ƙasan mafitsara, su ma fitsarinsu zai iya ɗaurewa gaba ɗaya.

Ko wanne kuka zaɓa, a duba abin da take ci da sha. Shayi mai kauri da kofi da goro duk suna tsokanar mafitsara, kuma na san raba Hajiya da goro ba ƙaramin aiki ba ne, amma ko ragewa aka yi za a ga bambanci. Kada ta ƙaurace wa ruwa don tsoron fitsari, domin fitsari mai kauri ya fi tayar da mafitsara, sai dai ta rage sha sa'a biyu kafin kwanciya. Idan tana da jiki, wani gwaji da aka wallafa a 2009 kan mata 338 ya nuna waɗanda suka rage kusan kashi 8 cikin 100 na nauyinsu cikin wata 6 zubar fitsarinsu ta ragu da kashi 47. Batun tsarki kuma, wanda na san shi ne ya fi ci mata rai, malaman fiƙihu sun san larurar da sunan salasul bauli kuma akwai rangwame a kanta, ki raka ta wurin malama ta ji hukuncin da kunnenta.

Kafin komai a gwada fitsarinta da sigan jininta, domin ciwon sanyin mafitsara da ciwon siga suna kawo irin waɗannan alamu, haka ma wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari. Idan akwai jini a fitsari, ko zafi, ko zazzaɓi, kada a jira atisaye. Idan kuma fitsarin yana ɗiga ne dare da rana ba tare da ta ji matsuwa ba, musamman bayan doguwar naƙuda ko tiyata, to ana zargin yoyon fitsari ne, maganinsa ɗinki, kuma akwai cibiyarsa a Asibitin Murtala. Don koyon atisayen, ku nemi likita ya tura ku sashen fisiyo, wato sashen gashi da motsa jiki, akwai shi a Asibitin Malam Aminu Kano. Ranar da za ku koma, ki tafi da duk magungunan da take sha a leda guda, da takardar kwana uku da aka rubuta lokacin da ta sha ruwa ko shayi, da lokacin da ta zagaya, da lokacin da ya zubo da abin da take yi a sa'ilin. Idan Hajiya ba ta rubutun boko, ta yi da ajami, ko ta riƙa jan layi ke ki sa lokacin.