Corolla ko C300: amsa ga Daktan da ke shirin dawowa daga Ingila

Wa alaikumus salam, Dakta. Barka da kammala karatu, Allah ya sa albarka, ya dawo da kai gida lafiya tare da iyali. Ka yi tambaya ko Toyota Corolla za ka saya da kuɗin hannunka, ko ka karɓi ciko a banki ka sayi Mercedes C300, da yadda za ka yi da motar da kake hawa a Ingila, da kuma batun inshora.

Ka ɗauki Corolla, ka biya kuɗinta lakadan. Maganar karɓar ciko a banki don ka kai ga C300 ka jingine ta tukuna, sai ka shekara a gida ka ga yadda albashi da cefane suka zauna.

Ita kuwa wadda kake hawa a can, ka sayar da ita tun kafin ka taso. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, kuma hukumar kiyaye haɗurra ba ta yarda da rajistar mota mai sitiyari a dama ba. Za ka samu masu ce maka ai ana juya sitiyarin. Ana juyawa, amma yanke-yanke ne da walda da haɗe-haɗen waya a wurin da ran mutum yake, ni ba zan sa 'ya'yana a ciki ba. Sannan mota ba ta cikin kayan gida da ake yi wa mai dawowa sassauci, sai ka biya kuɗin jirgin ruwa, ka biya kuɗin fito cif, kuma kwastan da farashin dala suke lissafi. Ka riƙe fam ɗinka a hannu ya fi maka.

Corolla nake hawa, ƙirar 2010, 'yar Amurka, tun bayan dawowata daga Malesiya. Filogi huɗu ce, inji 1.8, sarƙa gare ta ba bel ba, giyarta kuma irin ta da ce mai hawa huɗu wadda kowane bakanike ya san cikinta. Wata shekara da ƙaramar Salla muna hanyar Potiskum da maiɗakina da yara, na afka wani rami gab da Azare, ƙafar gaba ta dama ta fara ƙara, sitiyari yana ja gefe. Na lallaɓa na shiga gari, na tsaya wurin wani dattijon bakanike a gindin dalbejiya. Ko jak bai sa ba da farko, ya durƙusa ya kama tayar da hannu biyu ya girgiza, ya ce tayarod ne. Ya tura yaronsa a kan babur, kafin yara su gama shan furar da aka sayo musu ya dawo da guda biyu, sabuwa a kwali da ta Beljiyam, aka ce in zaɓa. Muka yi la'asar a masallacin da ke gefen garejin, muka kama hanya, magariba a gida ta same mu. Tun ranar na ƙara son motar nan. Ba wai ba ta lalacewa ba ne, tana lalacewa kamar kowace mota. Sai dai duk inda ta tsaya maka, daga Ƙofar Ruwa a Kano zuwa Panteka a Kaduna zuwa Apo a Abuja, har ƙananan garuruwan kan hanya, akwai kayanta kuma akwai wanda ya iya ta.

Aibinta ma in faɗa maka. Idan ka wuce gudu ɗari za ka riƙa jin ƙarar titi a ciki, kujerun baya ba su da yalwa ga manya uku, famfon ruwanta kuma yana son a riƙa sa masa ido. Babban aibinta shi ne ɓarayi suna sonta kamar yadda muke sonta, saboda kayanta ba sa kwana a kasuwa. Ka sa mata na'urar bin sawu, ka sayi ƙarfen kulle sitiyari, kada ka raina shi ko a ƙofar masallacin Juma'a.

C300 tana da daɗin tuƙi, kuma tana da kwarjini a ƙofar gidan biki, wannan ba zan hana ta ba. Amma wadda kuɗinka zai kai gare ta, ta wajen 2008 zuwa 2012, filogi shida ce, baƙin man da take sha a juye ɗaya ya kusa ninka na Corolla kuma sai mai tsada, cikinta a ƙasa yake, ga makullin sitiyarinta na lantarki da ya yi suna wajen ƙin tashi ba gargaɗi. Ranar da ta yi maka haka a Azare, sai dai a ɗoro ta a bayan babbar mota zuwa Kano. Ka tuna kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta taɓa 1,000. Duk wanda zai sayi mota yanzu, da gidan mai zai fara lissafi.

Sai maganar bashi, wadda ita ce ta fi damuna a tambayarka. A Ingila ka saba da a ba ka mota ka riƙa biyan wani abu kaɗan duk wata, ruwan da ke kai bai taka kara ya karya ba. Nan ba haka ba ne. A ƙarshen 2024 ma'aunin kuɗin ruwa na Babban Bankin Najeriya ya kai kashi 27.5 cikin ɗari, bankunan kasuwanci kuma a saman wannan suke ɗora nasu. Ɗauki misali ka karɓi cikon naira miliyan 5 a kan kashi 30, za ka biya cikin shekara uku. Duk wata za a cire maka wajen naira 212,000, a ƙarshe ka biya sama da miliyan 7 da rabi. Wannan ban da kuɗin takardu, ban da cikakkiyar inshora da bankin zai wajabta maka tsawon shekarun, kuma motar da sunansu take har ka gama. Ka ɗora wannan a kan albashin malamin jami'a, ga kuɗin haya na shekara guda da za a nema a dunƙule, ga makarantar yara, ga sola ko janareta, ga 'yan'uwa da ke jiran wanda ya dawo daga Turai. Ina tausaya wa duk wanda ya shiga wannan a shekararsa ta farko.

Kuma ma ba lallai su ba ka ba. Kyakkyawan sunan da ka yi a can wajen biyan bashi ba ya biyo ka Najeriya. Abin da banki zai duba shi ne albashi yana shiga asusunka na nan wata bayan wata, da takardar wurin aiki, da BVN da NIN, sannan ka ajiye wani kaso na kuɗin motar a matsayin kafin alƙalami. Wanda ya sauka jiya ba shi da wannan tarihin.

Idan ya zama dole sai da ciko, ka fara da ƙungiyar taimakon juna ta ma'aikatan jami'arku, da yawansu a Arewa suna ba da rance ba ruwa, ana cira daga albashi. In ba ta isa ba, ka je bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da TAJ da Lotus, ka tambayi murabaha. Bankin ne zai sayi motar, ya sayar maka da riba sananniya, a raba maka biya wata-wata, kuma farashin da aka yanke ranar farko ba ya ƙaruwa. Zuciya ta fi natsuwa da wannan ta fuskar addini. Amma kada ka ɗauka araha ce, ribar tasu ma tana bin yanayin kasuwa. Ka sa a rubuta maka jimillar abin da za ka biya, ka zo gida ka kwana da lissafin kafin ka sa hannu.

Inshora ta nan ma daban take da wadda ka sani. Can direba ake dubawa, shekarunsa da unguwarsa da tsawon lokacin da ya yi bai yi haɗari ba. Nan motar ake dubawa. Ƙaramar inshora, wadda doka ta tilasta, naira 15,000 ce a shekara ga motar gida tun Janairun 2023, lokacin da hukumar kula da inshora, NAICOM, ta ɗaga ta daga 5,000. Tana biyan ɓarnar da ka yi wa dukiyar wani har naira miliyan 3, amma ko fitilar motarka ba za ta saya maka ba. Tun 1 ga Fabrairun 2025 'yan sanda suka tsananta neman ta a hanya. Cikakkiyar kuwa, mai ɗaukar haɗari da gobara da sata, ƙa'idar ita ce kada ta gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar motar. Motar miliyan 10 ke nan naira 500,000 a shekara. Ka ga a nan ma tsadar mota tana bin ka har cikin inshora.

Ni shawarata ka yi cikakkiya, ko da na shekarar farko ne kaɗai. Hannunka ya saba da ɗaya ɓangaren titi, ga 'yan adaidaita sahu da ke yanko maka ta inda ba ka zata ba, ga shataletalen da wanda ya fi ƙarfin hali ke fara shiga. Sai ka yi watanni kafin jikinka ya dawo daidai. Akwai takaful, irin su Noor da Jaiz Takaful, inda kuɗinku ke shiga asusun taimakon juna, idan an samu rara a ƙarshen shekara a raba wa waɗanda ba su karɓi diyya ba. Kowanne ka zaɓa, ka tambaye su abu uku baki da baki: nawa ne za ka fara biya daga aljihunka kafin su ɗauki sauran, ambaliya tana ciki ko sai an ƙara kuɗi, tarzoma fa? Ka kuma rubuta darajar motar ta gaskiya. Wanda ya rage ta don ya biya kaɗan, ranar diyya shi ma kaɗan za a ba shi.

Kada ka miƙa wa masu tsayuwa a bakin ofishin lasin kuɗi su haɗo maka da inshora a cikin takardu. Takardar jabu ta yi yawa, mai kyan tambari kamar gaske, ba za ka gane ba sai ranar da ka bugi motar wani. Ka saya kai tsaye daga kamfani, sannan ka shiga shafin askniid ka sa lambar motarka. In ba ta fito ba, ba ka da inshora.

Yanzu ga abin da ba ka tambaya ba, amma shi ne inda ake cin mutane irinka. Dillali yana jin ka ce daga waje ka dawo, farashi ya tashi. Kada ka faɗa, kuma kada ka je kai kaɗai. Haka nan kada ka turo wa kowa kuɗi ya saya maka kafin ka iso, ko ɗan'uwanka ne, don ba rashin amana kaɗai ke jawo matsala ba, shi ma ana iya rufe masa ido, sai zumunci ya ɓaci a kan mota. Ka hau tasi na 'yan makonni, ba abin kunya ba ne.

Akwai masu ɗaukar motar da aka hau shekara da shekaru a Legas ko Fatakwal, a cire lamba, a yi mata fenti, a wanke inji da kalanzir, a yi rubutun alli a gilashi kamar yanzu ta sauka daga jirgi, a ce maka tokumbo ce. Akwai waɗanda aka sayo a gwanjon motocin haɗari na Amurka, an miƙe bodi amma jakar iskar da ta fashe ba a mayar ba, an dai cire ƙwan da ke nuna alama a dashbod. Mafi muni ita ce wadda ambaliya ta ci. Ka ja kujerar direba baya ka leƙa ƙarafan da take gudu a kai, in ka ga tsatsa ka yi hattara. Ka ɗaga kafet, ka buɗe but ka fito da safaya ka shafa ramin da yatsa, busasshen taɓo ba ya ɓuya a nan. Motar da aka cika ta da turare ma ka tambayi kanka me ake rufewa. Mita kuwa kada ka yarda da ita ko kaɗan, mayar da ita baya aikin minti kaɗan ne. Ka kalli robar birki da sitiyari da kujerar direba, su ba sa ƙarya.

Lambar shasi mai harafi da lamba 17 tana ƙasan gilashin gaba da jikin ƙofar direba. Ka tabbatar iri ɗaya ce da ta takarda, ka biya kuɗi kaɗan a shafin Carfax ka ga tarihinta tun daga Amurka, wani lokaci ma kana sa lambar a Google hotunanta na wurin gwanjo za su fito maka, gaba a ragargaje. Ka zo da bakaniken da kai za ka biya, ba wanda dillali ya kira ba. A tayar da ita da safe tana sanyi, a sa mata kwamfuta bayan kun zaga da ita, ba kafin nan ba, don ana goge alamun matsala su ɗan ɓace. Ya shiga ƙarƙashi ya duba ko indomin salansa, wato abin tace hayaƙi, yana nan, ana yawan cire shi a sayar daban.

Takardar kwastan ita ce ƙashin bayan komai. A Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, saboda haka duk 'yar Kwatano da aka ce maka ta yi araha, takardarta za ka fara tuhuma. Tun 2022 kwastan da lambar shasi suke ƙiyasta kuɗin fito. Ka ɗauki kwafin takardar ka je ofishinsu da ƙafarka a duba ko an biya, kuma an biya cikakke. In ba haka ba, wata rana a hanyar Abuja za a sauke ka da iyalinka a riƙe motar, wanda ya sayar maka kuma wayarsa a kashe. Mai motar kirki ba ya jin haushin wannan bincike. Wanda ya fara ce maka akwai wani Alhaji da zai zo da kuɗi yanzu-yanzu, ka ce Allah ya sanya alheri, ka tafi.

Kuɗin ta banki za ka tura, zuwa asusun da sunansa ya dace da na kan takardar ciniki, da shaidu biyu, a yanke la'adar dillali tun kafin a yi sallama. Ka ware wani abu, ko da kashi goma na kuɗin motar ne, don juye da filogi da birki da tayoyi, domin yawancin tokumbo da tsofaffin tayoyi suke zuwa, shekarar ƙirar tana rubuce a gefen kowace taya. In kuɗinka ya kai Corolla ta 2014 zuwa sama, ka sani yawancinsu giyar CVT gare su, wadda ba ta da hawa-hawa irin na tsohuwar giya, tana da nata man na musamman, kada ka bari a zuba mata na tsohuwar.

In ka sauka Kano ka yi min magana ta akwatin sirri, in haɗa ka da bakanikena ku je tare.