Shafin ƙamus na Oxford: me yake ba mai neman ma'anar "zeal"?

Shafin Oxford Learner's Dictionaries kyauta ne a intanet, kuma tushensa ƙamus ɗin nan da A. S. Hornby ya tsara wa masu koyon Turanci, wanda Oxford ta fara bugawa a 1948. Kalmar "zeal" ta isa a auna shi da ita, domin tana cikin kalmomin da ɗalibi zai san ma'anarsu amma ya kasa sa su a jumla.

Da ka rubuta ta a akwatin bincike, za ka ga alamar lasifika biyu, ɗaya lafazin Ingila, ɗaya na Amurka. Danna su kafin ka karanta komai. "Zeal" da dogon wasali ake furta ta, kamar "ziil", amma sifarta "zealous" gajeren wasali gare ta, kamar "zelas". Nan mutane da yawa ke tuntuɓe, suna ja mata wasali don sun ga harufan farko iri ɗaya ne.

Ma'anar "zeal" himma ce mai zafi a kan abin da mutum ya yi imani da shi: addini, gyaran al'umma, aikin da ya ɗauka da muhimmanci. Shafin ya yi mata alamar "formal", wato kalmar rubutu ce da jawabi. Ɗokin yaro ranar sallah ba "zeal" ba ne, "eager" ko "excited" suka dace da shi. Ya kuma nuna ƙananan kalmomin da ke bin ta, "for" da "in", kuma wannan shi ne babban amfaninsa. Ana cewa "zeal for", amma "keen on" da "eager to". Mai shirin WAEC ko JAMB ya kwafe waɗannan tare da kalmar a littafinsa, kada ya haddace ta tsirara.

A duba danginta ma. "Zealot" yawanci kalmar suka ce, mai tsattsauran ra'ayi, "overzealous" kuwa wanda ya zaƙe har ya wuce gona da iri. Wanda ya kira shugabansa "zealot" a takardar yabo ya zage shi bai sani ba.

Inda shafin ya gaza: duk bayaninsa da Turanci ne, babu ko kalmar Hausa ɗaya, don haka wanda Turancinsa bai yi ƙarfi ba sai ya haɗa da ƙamus na Turanci da Hausa. Talla na cika allon waya, sautin kuma ba ya tashi idan sabis ya yi rauni. Manhajar waya tana aiki ba tare da data ba bayan an sauke ta, sai dai cikakkiyarta ta kuɗi ce. Ga ɗalibin sakandare zuwa sama, shafin kyautan ya wadatar.