Ofishin ba masu lisans shawara a Garwa: sun san karatu, sun gaza a fannin aiki

Tun da aka kafa Jami'ar Marwa a 2008, aka kuma ƙara ta Garwa a 2022, masu lisans, wato digirin farko na jami'a, sun yawaita a arewacin Kamaru, kuma yawancinsu kan rasa zaɓi tsakanin wucewa masta da neman abin yi. Wani ofishi mai zaman kansa a Garwa yana ba da shawara kan wannan, a biya shi, kuma can na raka ɗan yayata da ya karanta labarin ƙasa.

Malamar da ta karɓe mu ta san aikinta. Tambayarta ta farko ita ce wace matsala zai iya shafe shekara biyu yana bincike a kanta ba tare da an matsa masa ba, da ya ambaci noman muskuwari, wato dawar rani, da ambaliyar kogin Binuwai a ƙasan madatsar Lagdo, sai ta ce ya rubuta shafi biyu a kai kafin su sake zama, domin wanda shafi biyu suka gagara, kundin masta ba zai yi masa sauƙi ba. Ta bambance masa mastar bincike, wadda kuɗin rajistarta a jami'ar gwamnati sefa 50,000 ne a shekara kuma ita ce hanyar doktora, da mastar sana'a, wadda ta fi tsada nesa ba kusa ba. Daga nan ta sa shi lissafin hayar ɗaki a Dang, kusa da Jami'ar Ngawundare, da abinci, da kuɗin zuwa ƙauyuka tattara bayanai, abubuwan da iyaye kan manta da su. Ta kuma tuna masa cewa jarrabawar konkur ta shiga aikin gwamnati tana da iyakar shekaru.

A ɓangaren aiki kuwa, hannunsu bai kai ba. Sun ambaci kamfanin auduga na Sodecoton, da ƙungiyoyin agaji, da rajista a FNE, hukumar gwamnati mai taimaka wa masu neman aiki, abin da kowane mai shayi a bakin kasuwa ya sani. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne nacinsu kan haɗa takardun tafiya Faransa, wanda kuɗinsa daban ne, alhali yaron bai nemi hakan ba.

Zaman farko da na biyu sun cancanci kuɗinsu, muddin ɗalibi ya je da takardar makinsa ta shekara uku. Sauran ƙunshin da suke tallatawa ban ga dalilin biyansa ba.